Kusurwar da Moeroa Ta Bari

Talata, 3 ga Yuli

Yau na buɗe akwatin matata Moeroa, karo na farko tun da muka binne ta a watan Maris. Tivaevae ɗin, wato mayafin gado na ɗinkin hannu, da take ɗinka wa jikarmu Akaiti don aurenta yana can ƙasa, a naɗe. Na shimfiɗa shi a falo na auna. Farin yadi ne mai rufe babban gado, an ɗora masa furanni da koren ganye. Kusurwa uku sun kammala. Ta huɗu an kafe ƙyallayenta da ɗinkin riƙo kawai, sai ganye biyu da aka soma.

Biki ranar 25 ga Agusta. Mako bakwai da kwana huɗu. Ba a taɓa aurar da 'yar gidan nan ba tare da an lulluɓe ta da ɗinkin gida ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

Alhamis, 5 ga Yuli

Akaiti ta bugo waya daga Okland ta Niw Zilan, wai kada in wahalar da kaina, akwai na keken ɗinki a kantunan garin Avarua. Na shaida mata cewa na keke na baƙin otal ne.

Talata, 10 ga Yuli

Na tafi zauren cocinmu na Titikaveka, inda matan ƙungiyar Moeroa suke ɗinki kowace Talata. Su takwas a kan tabarmi. Mama Tungane, wadda bakinta ba ya hutawa tun muna firamare, ta ce, "Papa Tereapii, ka yi ɓatan kai ne? Taron dattawa sai gobe."

Na bayyana buƙatata a tsare. Mama Upokoina, wadda take yanka musu zane shekara arba'in, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce za su ɗinke gefuna, amma a ƙa'idarsu kowace mace da kusurwarta, kuma kusurwar wadda ta rasu gidanta take komawa. Na ce ai ni kaɗai ne a gidan. Ta ce ta sani. Ta miƙo mini allura.

Dariyar da aka yi, ba zan rubuta ta ba. Shekara talatin da ɗaya ina awon filayen tsibirin nan. Ban ga dalilin da ganyen yadi zai gagare ni ba.

Juma'a, 13 ga Yuli

Gwaji a kan tsumma. Na soke yatsa sau tara. Moeroa tana sa ɗinki goma sha biyu a inci guda. Nawa shida, kuma ba su san juna ba.

Talata, 24 ga Yuli

Tara a inci. An ba ni izinin taɓa ainihin yadin. Na lura Mama Upokoina tana ninke ƙyalle gida huɗu ta sa almakashi ba awo ba zane. Na ba ta shawarar fensir. Tungane ta ce mako biyu da riƙe allura har na zama shugaban makaranta. Da aka buɗe ƙyallen, furen ya fito daidai ta kowane ɓangare. Na auna a ɓoye. Daidai ne. Ban fahimci yadda aka yi ba.

Ɗanyen kifi da madarar kwakwa da rana. Gishirin ya ɗan yi yawa.

Alhamis, 2 ga Agusta

Ganyayen nan biyu da na tarar an soma sun daɗe suna damuna. Ɗinki biyar a inci, wani dogo wani gajere, zaren ya tattare yadin. Ba aikin Moeroa ba ne. Nata yana kusurwa uku kowa ya gani. Ina kyautata zaton Tungane ce ta taya ta, da surutu a baki. Na sa reza na farke su tsaf. Awa biyu. Yanzu wurin ya yi fes.

Talata, 7 ga Agusta

Na shimfiɗa shi a zaure ina jiran a yaba. Tungane ta tashi ta fita waje.

Mama Upokoina ta dafa wurin ta tambaye ni ina ganye biyun. Na yi mata bayani, har da lissafin inci. Ta ce Moeroa ce ta ɗinka su, a nan, a watan Fabrairu, bayan hannunta ya soma rawa. Talata uku ta yi a kan ganye biyu. Sun so su karɓa, ta hana. Ta kuma roƙe su kada su faɗa mini, domin idan na sani zan hana ta fita.

"Ɗinkinta na ƙarshe ke nan, Papa," in ji ta.

Da na sani, da na hana ta. Gaskiyarta ce.

Laraba, 8 ga Agusta

Na zazzage kwandon shara ina neman guntayen zaren. Na manta na ƙone su ranar Asabar tare da busasshen ganye. Ban taɓa allura ba.

Juma'a, 10 ga Agusta

Saura kwana goma sha biyar. Zama ba zai ɗinke shi ba. Na fitar da shi baranda da hantsi, na ɗaga shi ga rana, sai na ga ramukan allurarta suna nan, ɗaya bayan ɗaya. Ban goge yadin ba, shi ya cece ni.

Abu na farko da aka koya mana a makarantar awo a Niw Zilan shi ne, in ka sami tsohon turken iyaka, shi za ka bi, ko da awonka ya saɓa masa. Zan bi ramukan. Inda ta yi dogo in yi dogo, inda ta kauce in kauce. Ya fi ɗinki madaidaici wuya nesa ba kusa ba. Akwai wani wuri da ta soka sau uku kafin ta samu. Na daɗe a wurin.

Talata, 14 ga Agusta

Tungane ta zauna kusa da ni tana zura mini zare, ba tare da na roƙa ba. Na gaya mata cewa ita na zarga. Ta ce ta sani, kuma ko tana barci ɗinkinta ya fi nawa. Na duba nata. Ba ƙarya ta yi ba.

Talata, 21 ga Agusta

An gama. Su takwas suka kewaye shi suna waƙar coci suna ɗinke gefuna. Ganye goma sha ɗaya ni na ɗinka su.

Asabar, 25 ga Agusta

An lulluɓe Akaiti da mijinta a gaban jama'a, yadda ya kamata. Bayan an ci abinci ta nemo kusurwar da kanta, ta shafa ganye biyun, ta ce, "Papa, nan Mama Moeroa ta tsaya, ko?"

Zan iya cewa i, in yi shiru. Na ce, "Nan ta tsaya. Ni na farke da rashin sani, ni na mayar a kan sawunta. Ramukan nata ne, zaren nawa."

Ta ce to kada kowa ya sake taɓawa, har ni. Na amince.

Talata, 28 ga Agusta

Ba ni da wani aiki a zaure. Na biya ne kawai in mayar da allurar Mama Upokoina. Na tarar sun yanka sabo, na ɗiyar ƙanwar Tungane, kuma wai kusurwa ɗaya ba ta da mai ita. Na ce sai na duba ko ina da lokaci.

Shuɗin zaren da suke amfani da shi bai dace da yadin ba. Na tsaya a Avarua na sayi wanda ya fi. Ƙwarya uku.