Lasifikar da ta haɗiye muryar Mama

Yaya Bitrus,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya Fatakwal? Yaya Anti Rahila da jariri? Mu a Kafanchan lafiya, ƙafar Baba ma da sauƙi.

Yaya, na yi kuskure a kan lasifikokin da ka ce in zaɓa wa Baba. Ka ce in nemi ƙanana masu kyau na cikin ɗaki, in sa a gwada su da waƙar zumuntar mata, wadda Mama ta rera kafin ta rasu. Na je wani shagon kayan sauti da memorin wayar da waƙar ke ciki a hannuna. Mai shagon ya kunna wasu manya irin na biki, har gilashi na rawa, ya ce, "'Yan mata, ko a Abuja ba kamarsu!" Mutane suna kallona, kunya ta hana ni miƙa memorin. Sai na ce to, na saye su.

A gida muka kunna. Bugun tulun da matan ke kaɗawa a waƙar ya cika ɗakin, muryar Mama kuwa tana can ƙasa. Baba ya jawo kujera kusa, ya kara kunnensa, ya ce, "Saratu, ina uwarki a ciki?" Bai yi faɗa ba, ya dai kashe.

Mai shagon ya yarda a canza ran Asabar. Ka yafe mini, ka kuma yi mini addu'a in iya buɗe baki, don ba zan ɗauki ko ɗaya ba sai na ji Mama da kunnena.

Ka gai da Anti.

Ƙanwarka,
Saratu