Talabijin ɗin da Noboru Ya Zaɓo wa Inna

Sakaiminato,
18 ga Agusta, 2011

Zuwa ga Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara can São Paulo. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton Baba sai na roƙa muku lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da ya hana mu sakat. Bikin Bon na tarbar mamata ya wuce, mun wanke kabarin Baba, mun kunna wuta a ƙofar gida don ya gane hanya. Ƙafar Inna da sauƙi, mantuwar ce dai ke ƙaruwa.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma da laifinki a ciki. Da aka ce za a kashe tsohon layin talabijin a watan jiya, ke kika ce a waya a bar wa ƙanenmu Noboru zaɓin sabuwa, wai shi ya san kayan zamani. To, ga abin da masanin naki ya yi. Tare muka je kanti. Mai kantin ya nuna mana iri biyu: ƙarama mai layin hoto ɗari bakwai da ashirin, da wata ƙatuwa, inci hamsin da biyu, mai layi dubu da tamanin. Ya tambayi girman ɗakin, ko tabarma nawa yake ci, don a cewarsa babba sai an zauna nesa da ita. Kin san ɗakin Inna tabarma shida ne. Amma saboda wasu mata biyu na tsaye kusa da mu, Noboru ya gyara wuyan riga ya ce tabarma goma sha biyu. Na taka masa ƙafa, ya harare ni. Na ce a tambaya yadda tsohon kaset ɗin bidiyo zai fito a cikinta, ya ce wai ni da ko wayata ban iya saitawa ba in rufe masa baki, wai ƙaramar ta mutanen da suka sallama rayuwa ce.

Aka kawo ta, aka ɗauke tsohuwar aka tafi da ita inda ake farfasa su. Sai da aka matsar da akwatin hoton Baba gefe kafin ta sami wuri. Yanzu in mai karanta labarai ya fito, gashin hancinsa ma kina iya ƙirgawa. 'Yan kokawar sumo kuwa, gumi da ƙurajen bayansu a gaban kwanon shinkafarki. Ni ƙyama ta hana ni cin abinci a ɗakin. Noboru kuwa sai tafi yake, wai mu duba, ko ramin fata ana gani, kamar dama abin da muka rasa a gidan nan ke nan.

Duk wannan da sauƙi. Kin tuna kaset ɗin da aka ɗauki Baba a bakin jirgin ruwansa, inda yake juyowa ya ce wa Inna, Haruko, ina shayina? Shekara tara ke nan Inna na kallonsa kowace safiya, riƙe da kofi, in ya tambaya ta ajiye masa. Shi ne abu ɗaya da ba ta taɓa mantawa ba. Da na sa shi a sabuwar, sai fuskar Baba ta baje, ta zama kamar an shafa tuwo a bango, ba ido ba baki. Muryar ta fito ta nemi shayi. Inna ta ƙanƙame kofin, ta ce wane ne wannan ya ɗauki muryar mijinta, a fitar mata da shi daga ɗaki. Daga ranar ta daina kai shayin, ta rage cin abinci, sai ta zauna tana fuskantar bango. Da Bon ya matso ta ce kada mu wahala da kunna wuta, wanda ya tafi ya tafi. Na gaya wa Noboru, ya ce laifin kaset ne ba na talabijin ba, wai a hankali za ta saba. Ban taɓa jin takaicin ɗan'uwa irin na ranar ba.

Ana gobe Bon na je wajen Dattijo Kageyama mai awara na kai kukana. Ya ce ai tasu tsohuwar talabijin na ɗakin ajiya, kyanwa ke kwana a kanta, in ba na jin ƙyamar gashi in ɗauka. Na ɗora ta a keke na turo har gida, na goge, na ajiye a ƙasa gaban ƙatuwar, na haɗa kaset. Baba ya fito ɗan ƙarami, da wushiryarsa da tawul a wuya, ya juyo ya nemi shayi. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ina ya shiga kwana ashirin ba ko sallama, ta ce in miƙo mata kofi. Ranar ta cinye shinkafarta tas.

Ana cikin haka Noboru ya shigo da kankana, ya tsaya a bakin ƙofa yana yatsine fuska, yana cewa wa ya kwaso wannan shara. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta sunkuyar da kai cikin ladabi kamar yadda take yi wa baƙi, ta tambaye ni ko shi ne mutumin da aka turo ya ɗauke babban abin nan. Yaya, ban gyara mata ba. Ya ajiye kankanar ya fita, kuma har yau bai dawo ba.

Ki gaida maigidanki Shigeru, da yara Emi da Kenta, da surukarki. Dattijo Kageyama na gaishe ki. Kada ki aiko da komai, ki zo da kanki kafin sanyi. Jiya na nuna wa Inna hotonki, sai da ta yi jim kafin ta faɗi sunanki.

Ƙanwarki,
Kazue