Mariƙin Butar Dada

Litinin, 4 ga Satumba

Na iso garinmu Rishton da la'asar. Oyi, mahaifiyata, ta tarye ni a bakin ƙofa, hannunta duk garin alkama, ko jaka ban ajiye ba ta raɗa min: "Mahaifinki zai fita daga taronsu."

Shekara talatin da ɗaya su bakwai suna haɗuwa duk wata a gidan ɗaya daga cikinsu, su ci shinkafa, su sha shayi, su maimaita ƙaryar da suka yi bara. A tsakaninsu mai gida ne ke zuba shayin da hannunsa, ba ya wakilta kowa. A watan Maris da suka zo nan, hannun Dada, mahaifin nawa, ya yi rawa, ya juye wa abokinsa Holmat-aka tafasasshen shayi a gwiwa. Holmat-aka dariya ya yi. Dada bai yi ba. Zagayen zai sake faɗowa gidanmu ranar takwas ga Oktoba, shi kuma ya ce kafin nan zai aika a cire sunansa.

Da muka zauna ƙarƙashin inabi Oyi ce ta zuba. Dada ya ɓoye hannun dama a ƙarƙashin cinya yana tambayata labarin hanya. Tun da na tafi aiki Tashkent, duk zuwan da na yi sai ya cika min piyala, ɗan kofin shayinmu marar mariƙi, har baki, irin wadda ake cika wa baƙon da aka gaji da shi, ya ce, "Shanye ki koma, Injiniya, jirgi ba ya jira." Haushi abin yake ba ni da. Yau da ban samu ba sai na ji babu daɗi.

Laraba, 6 ga Satumba

Na fito masa da tsarabata. Wata uku na yi ina zana ta a ofis: matashin ƙarfe ne da ake ɗora buta a kai, da yatsa ɗaya za ka danna ta karkata ta zuba. Har shugabata ta ce mu kai shi baje kolin Nuwamba.

Ya duba ta gaba, ya duba ta baya. Ya ce, "Da kyau. A wane asibiti ake sayar da shi?"

Na ce, "Dadajon, gwadawa kawai."

Ya ce, "Holmat na gani zai ce saura a kawo min keken guragu." Ya tashi wai zai duba tumaki. Tunkiya ɗaya gare mu, kuma lafiyarta lau.

Alhamis, 7 ga Satumba

Oyi ta ɗora tukunyar furenta a kan matashin nawa. Ta ce tsayinsa ya yi mata daidai.

Asabar, 9 ga Satumba

Na je wurin Usta Mirzohid, maginin tukwane. Shi ma ɗan taron ne, tare suka yi firamare da Dada. Na same shi yana murza yumɓu, bai ɗago ba. Na shimfiɗa masa sabon zane: kofi mai mariƙi biyu da murfi, fari tas.

Ya ce, "Wannan na jikan wa?"

Na yi masa bayani da kalmomin makaranta, ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "'Yar Ergash, kin zana wa ciwo kofi. Ubanki fa? Tun da kika zo sau nawa kika zauna kika kalli hannunsa?"

Na ce kunya nake ji in kalla.

"To shi ma kunyar yake ji. Ku biyu kun haɗu."

Na fito ina cika ina batsewa. A hanya na yarda gaskiya ya faɗa, amma ba zan gaya masa ba, kansa zai kumbura.

Talata, 12 ga Satumba

Kwana uku ban taɓa fensir ba, kallo kawai. In hannun yana sama babu komai a ciki, rawa yake sosai. In ya ɗauki guga cike da ruwa, sai ya lafa. Cokali ya fi kankana ba shi wuya.

Da safe na laɓe a madafa, ya ɗauka ba kowa, ya ɗaga tsohuwar butarmu. Mariƙinta siriri ne, yatsa biyu kawai ke shiga. Murfin ya kama ƙara, kacau-kacau, tun kafin ɗigo ɗaya ya zuba. Ya dire ta da sauri kamar ta cije shi. Ashe ƙarar ce ke fara tona shi. Ni kuwa wata uku ina fama da zuba, ban taɓa tunanin murfi ba.

Alhamis, 14 ga Satumba

Ya kai mu kasuwar Kokand a tsohuwar motarsa. Oyi tana baya tana addu'a a bayyane don ya ji. Ina gaba, idona a kan sitiyari. Tun daga ƙofar gida har kasuwa hannun nan bai yi ko gezau ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana jan bas a wannan hanya. Sitiyarin ya naɗe shi da fata har ya yi kauri, hannunsa ya cika da shi, babban yatsa a kwance a sama.

Da suka shiga sayen albasa na ce kaina ke ciwo. Na zauna a mota na auna sitiyarin da igiyar takalmina.

Juma'a, 15 ga Satumba

Usta ya karɓi igiyar ya jujjuya ta, ya yi dariya har da tari. Mun zauna mun tsara sabuwar buta. Mariƙi mai kaurin sitiyari, da ɗan kwari a sama inda babban yatsa zai kwanta. Murfi mai dogon harshe da zai nutse cikin wuya. Gindi mai nauyi. Piyaloli takwas, bakinsu ya ɗan lanƙwaso ciki kaɗan, ƙafarsu ta ɗan yi tsayi don yatsu su sami wurin kamawa.

Na ce a bar su farare, sun fi fitowa a hoto.

Ya ce, "Hoton wa? Shuɗin da uwata take zanawa zan sa musu. Wanda ya gani ya rantse a gidan kakarsa ya taɓa ganinsu."

Talata, 26 ga Satumba

An buɗe tandar gasa tukwane. Bakin butar yana dalala, kuma mariƙin ya tsage don kaurinsa. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, ƙatuwa da ni. Usta ya ce, "Share majina. Za mu yi shi da rami a ciki." Saura kwana goma sha biyu.

Laraba, 27 ga Satumba

Dada ya sa hular fita zai je gidan Holmat-aka ya faɗa masa. Oyi ta ce, "Baban yara, yau ɗin? Mutumin da yake shirin bikin jika za ka kai wa wannan magana? Bari a gama." Babu wani biki, jikan Holmat-aka shekararsa tara. Dada ya kalle ta ya daɗe, sannan ya cire hular.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Shugabata ta kira sau biyu. Na ce mata matashin yana ƙarƙashin fure.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Butar ta fito lafiya. Na ɗauko ta a ƙunshe cikin zani kamar jaririya. Na dafa shayi a ciki na ajiye a kan gadon ƙarƙashin inabi, na koma gefe ina yanka karas.

Ya zo ya zauna. Ya ce, "Ina tamu?"

Oyi ta ce, "Tana hutawa."

Ya kama mariƙin. Na ga babban yatsansa ya nemi kwarin da kansa ya kwanta. Ya ɗaga, murfi bai ce uffan ba. Ya zuba a piyala ya mayar cikin buta, sau uku kamar yadda ya saba. Hannun yana rawa har yanzu, ban warkar da komai ba, amma shayin a cikin piyala ya tsaya. Ya ajiye, ya ƙura wa mariƙin ido, ya juyo ya dube ni.

"Ranar Kokand ashe ba ciwon kai ba ne."

Na ci gaba da karas ɗina.

Ya sake ɗaga ta ya ce, "Tana ɗan ja hagu." Shi ke nan godiyar.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Sun zo da azahar, su shida. Ni da Oyi muna leƙe ta tagar madafa, tana matse min hannu har yanzu da shaidar farcenta. Dada ya zuba, ya miƙa da dama, hagu a ƙirji. Holmat-aka ya fara ba wa. Shi kuwa ja'irin tsoho sai ya janye gwiwarsa da gangan ya ce, "Ergash, wandon nan sabo ne!" Aka kwashe da dariya. Sai na ji Dada ya ce, "Sabo a shekarar da aka haifi Injiniya." Aka sake fashewa, har da shi.

Ba wanda ya kalli butar. Holmat-aka, da idonsa ba ya barin komai, abin da ya samu na kushewa shi ne shayin bai ji ganye ba. Usta ya ɗaga piyalarsa ya leƙa gindinta ya ce ko wane ne ya yi ta bai iya ba. Sun zauna har magariba. Da za su tafi na ji ana lissafin gidan da za a je watan gobe, Dada yana cewa shi zai ɗauki Usta a mota.

Mafi kyawun abin da na taɓa yi, kuma ko mutum ɗaya bai gan shi ba. Na zaci zan ji haushi.

Talata, 10 ga Oktoba

Da safe mu biyu ne kawai, Oyi ta tafi gidan maƙwabta. Na gaya masa hutuna ya ƙare, akwai jirgi ranar Alhamis. Ya ce to.

Ya ɗauki butar. Na miƙa hannu ina jiran a cika min har baki a kore ni kamar kullum, har na shirya amsar da zan ba shi. Sai ya zuba ɗan kaɗan a gindin piyala, kurɓa biyu, irin zubin baƙon da ba a so ya tafi, ya miƙo min da hannu a ƙirji. Na shanye na mayar. Ya sake zuba kaɗan. Sau shida muna haka, yana kallon tunkiya ina kallon inabi.

Usta ya ce akwai wata tsohuwa a layinsu da ba ta iya ɗaga tulu. Na ce zan leƙa in ga hannunta, leƙawa kawai. Tikitin Alhamis ban saya ba tukuna. Mantawa na yi, ina jin.