Ku Bar Mana Tarin Duwatsu Ukun da Suka Rage

Zuwa ga Mudir, shugaban kamfanin da ya kewaye tudun tsohon wurin fasa dutse, arewa da Uhudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni dattijo ne mutumin Bukuru. Shekara ashirin na yi ina fasa dutse a tudun nan, da aka rufe aikin na koma gadin shago a unguwar Sultana. Da wuya takardar nan ta iso teburinka, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya. Hanyar da kuka gyara wa masu yawon hawan dutse, ƙafafunmu ne suka fitar da ita. Al'adarmu, duk ma'aikacin da ya rasu ko ya koma gida, mukan tara masa duwatsu a gefen hanya. Ba kabari ba ne, kuma ba ma roƙon dutse. Ran Juma'a da safe mukan hau, in mun iso tari mu ambaci mai shi, mu yi masa addu'a, mu wuce. Tari goma sha huɗu ne. A watan Rajab katafilarku ta kwashe goma sha ɗaya, wai shara ce. Har da na Idi mutumin Maraɗi, wanda dutse ya danne a gabana.

Na biyu. Tsohon injin niƙa dutse kuwa, kun yi masa fenti, kun kafa masa allon tarihi. Madalla da inji! Mu da ya cinye wa yatsu da huhu, ko layi ɗaya ba mu samu ba. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Na uku. Sau biyu ina zuwa ƙofa, mai gadi yana cewa sai na yi rajista ta waya. Waya kuma ta ƙi lambar iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar nan, domin kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya riga ya buga mini bizar fita ta ƙarshe. Ƙarshen Sha'aban zan bar Madina, kuma a shekaruna babu maganar dawowa.

Roƙona biyu ne. Ku bar tari ukun nan. Ku buɗe mini ƙofa Juma'a ɗaya, tare da ma'aikacinku mai biro, in gaya masa wanne ne na wa. Abokan hawana duk sun ƙare, ni kaɗai na rage da na sani. Na nemi ganinka, an ce mini gobe, goben kuwa ta ƙi zuwa, jirgina kuma ba ya jira.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da masu tuna sunanka bayan ka bar kujera.

Wassalam.

Sule mai guduma,
Sultana, Madina.