Ruwan Tekun da Kuku Ya Haɗa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki. Yaya jikin Ummanku? Allah ya ƙara sauƙi.

Ki daina wahalar da bakinki a waya. Kunnen nan ya ajiye aiki, in kina magana ji nake kamar ana soya albasa a gidan maƙwabta. Direban bas ɗin da ke bi ta layinku ya ce zai riƙa kai miki takarda yana kawo amsa.

Yau wata huɗu da aka sallami Ummanku daga asibiti kika wuce da ita gidanki. Sati biyu kika ce. Gidan nan ya yi mini yawa. Na canza wa kujerun falo wuri sau uku, na wasa wuƙaƙena har sun fara ramewa. Hannuna kuma bai iya dafa abincin mutum ɗaya ba, kullum sai na miƙa wa maigadi rabi. Shi ma kwanan nan in ya hango ni da kwano sai ya tuna ana nemansa a bayan gida.

Ga dalilin takardar. Ranar da na raka ku wurin gashi, inda ake motsa mata hannu da ƙafa, kin tafi karɓar kati kin bar mu a ɗakin jira. Akwai akwatin kifi na gilashi a nan. Ta daɗe tana kallon wani ɗan kifi ruwan lemo mai farin zane a ƙugu, sannan ta ce, "Kuku, dubi wancan, ya ɗaura farin ƙyalle kamar kai." Tun da ɓarin jikinta ya shanye ban ji ta jera magana mai tsawon haka ba.

To na sayi akwatin. Yana nan jikin taga, daidai inda za ta gan shi daga kujerarta. Ashe kifin na teku ne, ruwansa haɗa shi ake yi da wani gishiri na musamman. Mai shagon, wata yarinya da ko ke ba ta kai ba, ta ce in zuba yashi da duwatsu, in kunna injin tace ruwa, in bar shi sati shida ba kifi ko ɗaya, wai sai ruwan ya nuna. Na ce mata ni mutum ɗari uku nake ciyarwa cikin awa biyu, wane irin romo ne ke sati shida a wuta? Ta yi dariya, ta haɗa mini da wani ɗan ma'auni na roba mai allura, na auna gishiri. Yana cikin durowa. Shekara uku na yi ina girki a jirgin ruwa kafin in kama aikin otal, teku ta sha watso mini a baki. In ban san ɗanɗanonta ba, roba ce za ta sani?

Da zarar kifi sun shiga, ki dawo mini da matata. Ki karanta mata wannan, ki gaishe ta.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Maigidan yana gaisuwa.

Jikin Umma da sauƙi. Tana taka ƙafa daga ɗaki zuwa falo da sanda, kuma tana cin abinci da hannun hagu ba tare da an taimaka mata ba. Na karanta mata takardarku, ta sa na maimaita wurin sati shida.

Maganar dawowa, Baba, a ƙara haƙuri. Banɗakinku ba shi da abin riƙewa, gadon kuma ya yi mata tsawo. Ga asibitin ya fi kusa da nan. Idan na tashi daga makaranta ina biyawa da ita, ba wahala.

Don Allah ku fito da ma'aunin nan daga durowa. Tunda an ba ku, ku gwada shi ko sau ɗaya.

Ku huta lafiya.

'Yarku, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa, da ya mai jiki.

Na sa maƙeri ya kafa ƙarfe biyu a banɗaki, na rataya a jikinsu da duk nauyina, ba su motsa ba. Kafinta ya yanke ƙafafun gado, yanzu in na zauna gwiwata na gaishe da haɓata. Nisan asibiti kuma, bas ɗaya ne, direban ma ya zama ɗan gida. Saura me?

Sati uku na yi ina gadin duwatsu. Kin san yadda mutum ke zama a gaban akwatin da ba komai a ciki? In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo in goge gilashin da na goge ɗazu. Maƙwabciyarmu tela ta shigo aron almakashi, ta tsaya ta duba ta duba, ta ce, "Baba Kuku, ni fa idona ba ya gani sosai, amma suna da kyau." Na ce mata ai masu kunya ne.

Shekaranjiya na gaji. Na je shagon lokacin da yarinyar ba ta nan, na sa abokiyar aikinta ta sayar mini da biyu, masu farin ƙyallen. Ruwan yana raguwa kullum saboda zafin fitilar akwatin, ni kuma ina cika shi da sabon haɗi, ina ɗanɗanawa. Kullum sai in ji kamar da ɗan saura, in ƙara rabin cokali.

Kifin dai ba sa yawo kamar na asibiti. Sun maƙale a kusurwa suna ta buɗe baki. Na ce baƙunta ce.

Kifi sun shiga, Auta. Ni na haife ki, na san lokacin da kike zagaye magana. Tun kina ƙarama in kin fasa kofi sai ki fara ba ni labarin kyanwa. Mene ne?

Mahaifinki.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba, don abin da ya faru ba zai jira bas na jibi ba.

Sun mutu, duka biyun. Ɗaya da safe, ɗaya kafin azahar. Na kwashe su da cokalin miya na nannaɗe a takarda, na tafi shagon da niyyar yin faɗa. Yarinyar ba ta biye mini ba. Ta rufe shago ta biyo ni gida, ta ce ina ma'auni. Na buɗe durowa. Ta ɗebi ruwan a ciki, allurar ta tashi ta daki rufi ta tsaya.

Ta ce, "Baba, ko da kun jira sati shidan, wannan ruwan ba abin da zai rayu a ciki. Da za a jefa ƙwai, yawo zai yi a sama."

Na ce robarta ta lalace. Ta ce in ruwa ya ragu, ruwan ne kaɗai ke tafiya, gishirin yana nan, don haka da ruwan daɗi ake cikawa. Wannan ta ba ni kunya, don ko sabon shiga kicin ya san tukunya in ta ƙone ruwa gishirinta fitowa yake. Amma na ce mata ai ina ɗanɗanawa. Na tsoma yatsa na lasa a gabanta, na ce ga shi, har yanzu da ɗan saura. Ita ma ta tsoma ta lasa. Yarinya mai ladabi ce, ba ta tofar ba, amma sai da idonta ya kawo ruwa.

Da ta tafi na kasa zama. Na ɗauki kofi biyu, ɗaya na sa gishiri cokali ɗaya, ɗaya cokali uku, na kai wa maigadi na ce ya juya su in na ba da baya, ni kuma in lasa in faɗi wanda ya fi gishiri. Sau biyar muka yi. Sau biyu na dace, shi ma canka na yi. Na ce masa, "Kai, tsakaninka da Allah, abincin da nake ba ka fa?" Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce naman yana wankewa ya ci, sauran kuma in yi masa rai kada in tambaya.

Na tuna takardar da likita ya ba ku ranar sallama, wadda kika ninke kika sa a jaka da na miƙa hannu. Na tuna jug ɗin ruwan da Ummanku ke ajiyewa kusa da farantinta, ina mata tsiya wai ta zama raƙumi.

Tun yaushe? Kada ki ba ni labarin banɗaki.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, kuma ina neman gafararku tun kafin ku karanta.

Shekara bakwai ne, ko fiye. Tun kuna otal. Mataimakinku ne ya fara zuwa wurin Umma, ya ce yana bin tukwanenku da ruwan zafi idan kun juya baya, kuma yana tsoron ranar da za ku kama shi. Umma ta roƙe shi ya ci gaba har ku yi ritaya. Mu kuma ta tara mu ta ce duk wanda ya faɗa muku, ba ita ba shi. Ta ce kunne ya riga ya tafi, idan aka ce muku harshe ma ya bi shi, me kuka rage da shi?

Da aka gano hawan jininta na yi mata magana. Ta ce za ta riƙa cin kaɗan. Kun san ba a cin kaɗan a teburinku, tsayawa kuke a kan mutum har sai ya share faranti.

Na san tambayar da ke ranku. Na yi wa likita ita. Ya ce abubuwa da yawa ne suka taru, akwai gado, akwai shekaru, akwai maganin da take tsallakewa. Bai ce gishirin ne ba. Bai kuma ce ba ya ciki ba. Abin da ya rubuta a takardar shi ne, daga yanzu abincinta kusan lami, kuma in aka yi sake, ciwon in ya dawo ba zai zo da sauƙin na farko ba.

Shi ya sa na riƙe ta. Na san ba za ku bari wani ya yi girki a gidanku ba, na kuma kasa faɗa muku dalili. Kullum da yamma sai ta tambaye ni yaushe za a kai ta gida, in ce sai an gyara banɗaki.

Ku yafe mini, Baba.

'Yarku, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Ba abin yafewa. Da ni ne ke, da na riƙe ta, har in ƙara kwaɗo a ƙofa.

Na kwashe ruwan tas, bokiti goma sha ɗaya, bayana yana ba da labari. Na sake haɗawa da ma'auni, allura ta tsaya inda yarinyar ta yi mini alama da jan biro. Na lasa don jaraba, ji na yi kamar ruwan famfo. Sati shida daga jiya, kuma wannan karon ko abokiyar aikinta an hana ta sayar mini da ko wutsiya.

Na sayi ɗan sikeli na kicin. Na dafa shinkafa da miya a kan awo, na tsaya a gaban tukunya hannuna yana ta zuwa wurin gwangwanin gishiri da kansa. Sau biyu na kama shi. Sau ɗaya ban kama ba, sai da na ga farin a saman miya. Shekara arba'in hannun nan yana wannan tafiya, ba zai daina don na yi masa magana ba.

Saboda haka kada ki kawo ta. Ta zauna wurinki, ni zan riƙa zuwa ran Asabar, in ci abin da kuka dafa in yi shiru. Ki gaya mata kifi ba su samu ba tukuna. Sauran kada ki karanta mata.

Mahaifinki.

*

Kuku,

Ina gaisuwa. Auta ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce ko wasali ta canza zan gane a fuskarta.

Takardar taka na ƙwace na karanta da kaina. Hannu ne ya shanye, ido yana nan.

Kai ka zuba, ni na haɗiye na yi shiru. In za a raba laifi, ka miƙo mini rabona, kada ka cinye shi kai kaɗai kamar yadda ka saba.

Ran Asabar kada ka hau bas, ni ke tafe. Duwatsun ma zan kalla, a gidana nake son kallonsu. Ka sa mini kujera a kicin kusa da murhu, mai hannu, wadda zan iya tashi daga kanta. Kai ka yanka, ka soya, ka juya. Kafin ka sauke, ka miƙo cokali nan.

Gwangwanin gishiri kuma a cinyata zai zauna.

Matarka.