Baba, Na Hau Amalanken Ƙanƙara

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule mai amalanke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta tarar kana hutawa cikin rahamarsa. Daga Kuala Lumpur nake rubutowa, daga ɗakinmu na Pantai Dalam, hawa na tara. Ni da Maman Hanifa da jikarka duk muna lafiya. An sake kulle mu a gida saboda annobar nan. Jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan tagarmu yana ta zirga-zirgarsa babu kowa a ciki, abinci ma sai dai a sauka a yi tapau, wato a sayo a ƙunshe, a dawo da sauri.

Ka ga yadda na rubuta sunanka a sama? Shekara shida ina ƙasar nan, ban taɓa faɗarsa haka a gaban mutane ba. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in gyara murya in ce harkar sufuri kake yi. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, shi ya sa ta yi mini sauƙin faɗa. Su kuma sai su hango tireloli, ni kuwa in bar su da hangensu. Yau zan sa wasiƙar nan inda duk wanda ya san ni zai karanta, abokan karatu da maƙwabta da surukaina. Abin da ya hana ni sakat tun rasuwarka guda ɗaya ne: ban sani ba ko ka gane ina ɓoye ka.

Akwai kuma saƙon da aka ba ni in kawo maka, ban kawo ba. Bari in faro daga inda aka ba ni shi.

Watanni kaɗan kafin a rufe duniya, Farfesan da ke duba aikina ya tafi da ni wani taro a can ƙarshen arewacin Turai. Ka tuna, na kira ka na ce za ni ƙasar ƙanƙara, ka ce in tafi da bargo biyu. Na sha yawo a kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina neman rigar sanyi, a garin da ko da asuba gumi ake yi. Wata mai kanti ta sayar mini da wata jibgegiyar riga, ta rantse mini ko a cikin firji zan kwana da ita. Baba, matar nan ta cuce ni. Muna fita daga jirgi na ji kamar ba komai a jikina.

Rana ba ta fitowa a can a wannan lokaci. Wajen sha ɗaya sai gefen sama ya ɗan yi ja, kafin ƙarfe biyu duhu ya rufe. Sallah da agogo na riƙa yin ta, ina yi ina kokwanto. Na ce a raina da kana nan da ka ce mutanen nan ba su da lokacin fita aiki.

Rana ta ƙarshe masu taron suka shirya mana fita yawon buɗe ido. Aka kwashe mu a bas zuwa wani daji fari fat, aka ba kowa wata riga mai haɗe da wando da takalma kamar na masu kwasar kwata. Wata 'yar jagora mai jin Turanci ta tara mu tana karanto dokoki: kada a miƙe tsaye, kada a taɓa ƙaho, kada a yi ihu. Sannan ta kai mu wurin abin da za mu hau. Ina ganinsa dariya ta ƙwace mini. Amalanke ne, Baba. Amalanke ne marar taya, an yi masa ƙafafun katako biyu masu sulɓi a kan ƙanƙara, an shimfiɗa fata a ciki. Abin da ke jansa wata dabba ce mai kama da barewa, sai dai ta fi ta jiki, ƙahonta kamar busasshen reshe. Farfesoshi da daktoci daga ƙasashe daban-daban suna ta rawar jiki suna ɗaukar hoto. Abin da nake kwanciya a bayan ajin makaranta don kada yara su ga ka zo ɗaukata a kansa, shi ne mutane suka tsallako teku don su hau.

An ɗaure amalankun a jere, kowace dabba da igiyarta a bayan na gabanta. Mai dabbobin wani tsoho ne gajere, ba ya jin Turanci, ba ya kuma son surutu. Kafin mu tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa wuyansu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Nan take na ji ƙamshin harawa da hayaƙin garkenmu a hancina. Haka kake yi kowace safiya kafin ka ɗora karkiya, ni ina tsaye da bokitin dusa ina hamma.

Muka kama hanya, ni da Farfesa a amalanke ɗaya, na biyun ƙarshe. Shiru ne irin wanda ban taɓa ji ba, sai ƙarar katako a kan ƙanƙara da numfashin dabbobi. Ba mu yi nisa ba tamu ta tsaya cak. Ta gabanta ta ja, igiya ta miƙe, ita kuwa ta kafe ƙafa ta karkatar da kai gefe guda. Tsohon yana can gaba, 'yar jagorar tana ta kiransa. Wani Bature a bayanmu ya fara tafa hannu yana yi mata tsawa.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na nutse har gwiwa, 'yar jagorar tana ce mini in koma, ni kuwa muryarka kawai nake ji: "Dabba ba ta gardama a banza. Duba wuyanta kafin ka duba sandarka." Ban tunkare ta ta gaba ba, na bi ta gefe na ba ta kafaɗa yadda ka koya mini, na tsaya har ta gama shinshina ni. Na cire safar hannu na zura yatsu ƙarƙashin fatar da ta zagaye ƙirjinta. Ga shi nan kuwa. Maɗaurin ya murɗe, ƙanƙara ta daskare a cikin murɗin ta zama dutse, tana gurzar ta duk taku. Na fasa ƙanƙarar, na warware maɗaurin, na shafa wurin. Har na yi mata irin ƙyaccin da kake yi wa shanu da harshe, ta waigo ta dube ni kamar mahaukaci. Wannan kam ba ta jin Hausa. Amma da tsohon ya iso ya ce mata wani abu, sai ta taka lafiya lau.

Da muka isa inda ake hutawa, wata bukka ce mai tsini da wuta a tsakiya, aka ba mu shayi muna ɗumama hannu. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Tsohon ya zo ya zauna kusa da ni, ya kama hannuna ya juya shi, ya sa 'yar jagorar ta tambaye ni wa ya koya mini. Kowa a bukkar ya juyo, Farfesa yana murmushi yana jiran amsa. Baba, wurin da ya fi dacewa a duniya in faɗi sunanka ke nan. Sai na ji bakina yana cewa ai a ƙauyenmu kowa ya iya.

Tsohon bai yarda ba. Ya girgiza kai ya yi magana a taƙaice, ta fassara mini: "Ya ce ba kowa ne ya iya ba. Mutum ɗaya ne ya koya maka. In ka koma gida ka gaishe shi."

To ga gaisuwar, Baba. Wani tsoho mai amalanke a ƙarshen duniya yana gaishe ka.

Na dawo na kira ka. Na ba ka labarin duhu da sanyi da rigar da aka cuce ni da ita, ka yi dariya har da tari. Na tsallake labarin bukkar. Na ce wa kaina in na zo hutu zan zauna kusa da kai a ƙofar garke in ba ka shi tiryan-tiryan, in nuna maka hoton dabbar ka faɗi ra'ayinka a kan ƙafafunta, don na san sai ka samo mata aibi. Gaskiyar kuwa ita ce ban san yadda zan isar da gaisuwar ba tare da na faɗa maka amsar da na bayar ba.

Sai aka rufe filayen jirgi. Sai azumi ya zo, ana ta jin rashe-rashe daga gida. Ranar da Inna ta sa aka kira ni, azahar ce a nan, can kuwa an idar da asuba. Kafin in gama fahimtar abin da ake faɗa mini an tafi kai ka makwancinka. Aka ce a kan amalankenka aka ɗauke ka zuwa asibiti, ba ku kai ba. Na yi maka salla a falo, daga ni sai Maman Hanifa a bayana. Ko 'yan uwanmu na nan ba wanda ya isa ya hawo ya yi mini gaisuwa, sai ta waya. Wasu a cikinsu har suna tambaya wa zai ci gaba da kula da motocin.

Ina kewarka ƙwarai. Ina kewar ranakun kasuwa da kake ɗora ni a kan buhunan gero, ka ce in riƙe igiya kai kuma ka yi gyangyaɗi, alhali shanun sun fi ni sanin hanya. Ina kewar lokacin kai taki gona, da yadda kake sauka a gangaren rafi ka tura da kafaɗarka don kada nauyi ya yi musu yawa. Na tuna ranar da ka kwaɗe ni don na bar su a rana na tafi ƙwallo. Ka ce ni in na ji ƙishi ina da bakin faɗa. Ban sake ba.

Makon jiya malamar su Hanifa, a darasin da suke yi ta kwamfuta, ta ce kowane yaro ya zana aikin kakansa. Hanifa shekararta bakwai yanzu, in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ta ji haushi ta haɗa da Malayanci. Ta zo ta nuna mini wata ƙatuwar mota mai taya goma, da kai a ciki da hula. Na daɗe ina kallon takardar. Sannan na zaunar da ita na ce Kaka ba shi da mota, shanu biyu gare shi da amalanke, da su ya yi mini komai har na zo nan. Na zaci za ta ji kunya. Yarinyar nan tsalle ta yi. Ta ce duk ajinsu ba mai kakan da ke da shanu, me ya sa ban taɓa faɗa mata ba, kuma yaya sunayensu?

Nan na tsaya. Na san Ɗan Baƙi, tun ina gida yake. Amma wanda ka saya bayan tahowata ban san sunansa ba. Ban taɓa tambaya ba. Duk sanda ka ɗauko zancen shanu a waya, musamman in ina ofis cikin mutane, sai in ce layin ba kyau.

Na kira Inna. Ta ce ashe ban sani ba. Ɗan Maleshiya ka sa masa. Ta ce tunda ni ɗan fari ne ba ka iya kama sunana a gaban jama'a, sai ka samo hanyarka. Duk wanda ya hau amalanken ya ji kana kiran sa da wannan suna sai ya tambaya, kai kuwa abin da kake jira ke nan. Daga nan har a sauke kaya labarina kake bayarwa, wai yaron nan yana can ƙetaren teku yana karatun dakta. Ta ce har mutane suka riƙa gudun tambayar saboda sun haddace amsar.

Na daure na tambaye ta ko ka taɓa cewa wani abu game da yadda nake katse maka zance. Ta ce sau ɗaya. Ka ajiye wayar, ka daɗe kana kallon wayar nan, ka ce: "A daina yi masa zancen shanu. Yana cikin manyan mutane, kada mu ba shi kunya." Daga ranar ba ka sake ɗauko zancen ba, ni kuwa ko lura ban yi ba.

Ashe ka sani, Baba. Ka sani, ka taya ni ɓoyewa.

Ka yafe mini. Ban da bakin da zan ce komai bayan wannan. Na roƙi Inna kada a sayar da Ɗan Maleshiya, in an buɗe hanya zan zo da Hanifa ta gan shi, in ɗora masa karkiya da hannuna, in ya yarda da ni.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa tausayin da ka yi wa bayinsa marasa baki ya tarbe ka a can. Allah ya sauƙaƙa maka hisabi kamar yadda ka riƙa sauƙaƙa musu kaya. Ya yaye mana wannan annoba, ya mai da kowane baƙo gidansu, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Ɗanka,
Habibu
Pantai Dalam, Kuala Lumpur