Gwangwani Biyu na Cincin Cuku

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa an samu kamyon ɗanki Sani, babbar motar da yake tuƙawa, a gefen hanyar Tera, an jawo shi Yamai. Gilashin gaba ya farfashe, kayan da ya ɗauko babu, shi ma ba ya ciki. Tun ranar da aka buɗe wa ayarin motocinsu wuta wayarsa take a kashe.

Aikin jarida ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Ba zan ce miki ɗanki yana raye ba, ba kuma zan ce ya riske ki ba. Abin da na gani da abin da na ji zan faɗa miki, kowanne da matsayinsa.

Abin da na gani shi ne wannan. Abokan aikinsa sun kira ni garejinsu da ke bayan kasuwar Wadata in karɓi abin da ya rage a gaban motar: darduma, takalmi ƙafa ɗaya, da gwangwanin madara cike da cincin cuku, ba a ko buɗe shi ba. Gwangwani biyu na ba shi.

Ke kika kafa wannan doka a gidanmu na Lamorde. Duk mai tafiya sai kin cika masa gwangwani biyu, kin ɗaura jan zare a ɗaya. "Mara zare naka ne," kike cewa. "Mai zare na wanda Allah ya haɗa ka da shi a hanya. Kada a dawo mini da shi."

Ina tuna yadda kike tsayawa gaban mai cuku a kasuwar Petit Marché, ki ɗaga fallen busasshen cukun, ki shinshina, ki ajiye, har sai ta gaji ta fito miki da mai kyan daga ƙasan kwando. A gida ki jiƙa shi a madara mai ɗumi har ya saki, ki daka, ki kwaɓa da fulawa da man shanu da gishiri da tonka, barkonon nan mai zafi. Ba kya sa sukari. Maƙwabta suna yi miki dariya, wai wane irin cincin ne wannan mai yaji. Amsarki ɗaya ce: "Mai zaƙi na zaman gida ne. Mai gishiri shi ke kai mutum gari." Duk da dariyar, ranar Salla su ke fara aiko kwano.

Tun rasuwarki ba wanda ya sake yi. Ana gobe zai tashi, Sani ya leƙo ya ce, "Malamar jarida, hannun naki alƙalami kawai ya iya?" Na je na sayo cuku. Ban ba shi lokacin jiƙa yadda kike yi ba, ina sauri, kuma wutar ta yi mini yawa. Ya ciji ɗaya a bakin ƙofa, ya dafe kunci, ya ce idan birki ya tsinke da wannan zai tare taya. Na cika gwangwani biyu, na ɗaura jan zare a ɗaya, ya kwashi duka biyun yana dariya.

Yanzu abin da na ji. Jiya Malam Idi, direban da ya koya masa tuƙi, ya kira ni. Ya ce wani makiyayi ya kai mutum mai rauni a amalanke zuwa wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, nesa da kwalta. Mutumin ba shi da takarda, bai kuma iya magana ba tukuna. Makiyayin na riƙe da gwangwanin madara, ya ce lokacin da ya sunkuya zai ɗaga shi, mutumin ya tura masa shi a hannu. Ma'aikaciyar likitar ta ɗanɗana ɗaya, wai saura kaɗan haƙorinta ya fita, tana tambaya wace mara imani ce ta soya dutse da tonka.

Inna, na daɗe ban ji zagin da ya yi mini daɗi haka ba.

Amma labarin ya bi baki uku kafin ya iso ni. Da a wurin aiki ne, ba zan buga shi ba. Gwangwanin madara ya cika ƙasar nan, masu rauni marasa suna ma haka. Shi ya sa ban gaya wa matarsa ba, ke kaɗai nake gaya wa. Na dawo gida na sake duba wanda aka ba ni a gareji. Babu zare a jikinsa. Idan Sani ne, to a cikin harbi ya bar nasa, ya fita da na baƙon hanya, kamar yadda kika koya masa.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Idan Sani ne kwance a can, Allah ya tashi kafaɗunsa. Idan ɗan wata ne, Allah ya mayar mata da shi, ya kuma nuna mana inda namu yake.

'Yarki,
Hadiza

Na roƙi Malam Idi ya tambaya ko akwai jan zare a gwangwanin makiyayin. Layin wayar ƙauyen ya katse tun jiya, bai dawo ba.